Gishiri, Da'ira da Numfashi: Abin da Sabon Shiga Tsafin Turawa na Zamani Yake Fara Koya

Duk Bahaushen da ya ji an ce akwai mutane a Ingila da Amurka da suke fitowa fili su kira kansu mayu, har su rubuta haka a takardar ƙidayar jama'a, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne mayen da ya sani a gida, wato mai ƙanƙara a ciki, wanda ake cewa ya sha a nono ko ya saya, yana kama kurwar mutum ya ɗaure har mai ita ya rame ya kwanta. Kalmar Ingilishin da ƙamus yake fassarawa da maita ta taɓa ɗaukar ma'ana mai kama da wannan, kuma a kanta aka kashe mutane tsakanin 40,000 zuwa 60,000 a Turai daga wajen 1450 zuwa 1750. Amma waɗanda suke kiran kansu da ita a yau wani abu dabam suke nufi. Addini ne da tsafi a haɗe, wanda mutum yake shiga da ƙafarsa, ya koya a littafi ko a wurin na gaba da shi, kuma reshensa mafi shahara shi ne wanda ake kira Wika. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, mutum wajen 13,000 ne suka rubuta Wika a matsayin addininsu, wasu kimanin 74,000 kuma suka rubuta maguzancin zamani kawai, ba su ambaci reshe ba. Saboda gudun ruɗani, tsafin zamani zan kira shi a nan, ba maita ba.

Hukuncin wannan abu a wurin Musulmi da Kirista sananne ne, domin mabiyan Wika suna bauta wa wata allahiya da wani abin bauta mai ƙaho, suna kuma kiran masu tsaron kusurwoyin duniya, kuma babu malamin da zai yi jinkirin kiran wannan shirka da sihiri. Abin da ya rage a fahimta shi ne me suke yi, daga ina suka samo shi, kuma wane ɓangare nasa ne yake da tasirin da za a iya aunawa. Mafi dacewar wurin dubawa shi ne darasin farko da ake ba sabon shiga, domin a nan ne kowace sana'a take nuna ainihin abin da ta ɗauka da muhimmanci. Wanda ya zo da ɗokin ya koyi juya zuciyar masoyi ko kassara abokin gaba yakan sha mamaki, domin watannin farko a kan abu uku suke ƙarewa: ya koyi tattara hankalinsa, ya koyi kange kansa, ya koyi abin da suke kira warkarwa.

Kafin a shiga cikinsu, sai an san cewa wannan addini bai tsufa kamar yadda masu shi suka daɗe suna faɗa ba. Mutumin da ya fito da shi fili shi ne Gerald Gardner, wanda aka haifa a 1884 ya mutu a 1964, tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka a Malaya. Ya yi iƙirarin cewa a 1939 wasu masu riƙe da tsohon addinin mayu a yankin New Forest na kudancin Ingila suka shigar da shi cikinsu. Bai samu damar yin magana a fili ba sai bayan da majalisar Birtaniya ta soke dokar maita ta 1735 a shekarar 1951, sannan ya buga littafin da ya sanar da duniya a 1954. Ya dogara da ra'ayin Margaret Murray, wadda ta rubuta a 1921 cewa waɗanda aka kashe da sunan maita mabiya wani tsohon addini ne da ya ɓuya, ra'ayin da masana tarihi suka yi watsi da shi daga baya. Masanin tarihi Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya bi diddigin lamarin a 1999, ya nuna cewa addinin na Gardner haɗin gambiza ne da aka ɗebo daga littattafan tsafi na da, da ƙungiyar asiri ta Freemason wadda Gardner ya kasance ɗan cikinta, da wata ƙungiyar masu sihiri ta Landan mai suna Golden Dawn da aka kafa a 1888, da kuma al'adun ƙauyukan Ingila. Ita kuwa Doreen Valiente, wadda Gardner ya shigar da ita addinin a 1953, ita ta sake rubuta da yawa daga cikin kalmomin da ake karantawa har yau. Duk abin da ke tafe yana ɗauke da tabon wannan haɗi.

Tushen koyarwar shi ne imanin cewa jikin mutum yana da wani kuzari da ba a gani, wanda za a iya tara shi, a tura shi, a kuma zubar da shi idan ya yi yawa. Saboda haka abu na farko shi ne abin da za a iya kira kafa saiwa. Ana sa ɗalibi ya zauna ko ya tsaya, tafin ƙafarsa a ƙasa, gadon bayansa a miƙe, ya rufe ido, ya ja numfashi a hankali har cikinsa ya taso, ya sake shi a hankali. Sai a ce ya raya a ransa cewa shi bishiya ne, saiwoyi suna fita daga ƙasan ƙashin bayansa, suna ratsa daɓen ɗaki, suna ratsa yumɓu da dutse har su kai zurfin ƙasa. Duk numfashin da ya fitar, damuwar ranar tana gangarawa ta saiwoyin, duk wanda ya ja kuma yana tsotso ƙarfi daga ƙasa kamar yadda itace ke jan ruwa, ya hau ta gangar jiki, ya fita ta ka kamar rassa, rassan su sunkuyo su sake taɓa ƙasa. Wannan siffa ta bishiya ta yaɗu sosai ta hannun Starhawk, wata marubuciya ta San Francisco da littafinta ya fito a 1979. Abokin tafiyarsa shi ne tattara hankali, inda ɗalibi zai nemi wani wuri guda a jikinsa, yawanci ƙasan cibiya ko tsakiyar ƙirji, ya janyo tunaninsa da ya watse ya ajiye shi a can har ya ji ya natsu.

A ganina wannan shi ne sashen da ya fi kowane sauƙin bayani ba tare da an kira wani abin ɓoye ba. Likitoci sun san cewa numfashi mai zurfi da ake yi a hankali yana rage bugun zuciya kuma yana kwantar da jijiyoyin da ke tashi lokacin tsoro, kuma wani likitan zuciya na Jami'ar Harvard, Herbert Benson, ya bayyana wannan ga jama'a tun 1975. Masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa suna koya wa mai firgita abu makamancin wannan, su ce ya ji nauyin ƙafarsa a ƙasa, ya ambaci abubuwan da idonsa yake gani. Masu tsafin da kansu sun gano abin da ke faruwa idan an tsallake wannan mataki. Mutanen da suka yi sa'a biyu suna rawa da rera waƙa a zagaye, cikin hayaƙin turaren wuta, galibi ba su ci abinci ba, sukan tashi da jiri, ko ciwon kai, ko su kasa barci. Su sun ce kuzari ne ya yi saura a jiki. Maganin da suke bayarwa shi ne kowa ya durƙusa ya dafa ƙasa da tafukansa, sannan a zagaya da ɗan waina da abin sha a ci tare. Ko da wane suna aka kira matsalar, mai jiri da bai ci abinci ba idan ya zauna ya ci wani abu zai warware.

Daga nan sai da'ira, wadda ita ce zuciyar kariyar tasu, kuma ta cancanci a dube ta da kyau. A tsarin Gardner faɗinta ƙafa tara ne. Ana share wurin da tsintsiya, ba don ƙura kaɗai ba, a ajiye ƙaramin tebur ɗauke da kwanon ruwa, da kwanon gishiri, da turaren wuta, da kyandir, da wata wuƙa mai baƙar ƙota wadda ba a yanka komai da ita. Mai jagora zai tsoma tsinin wuƙar a ruwa ya karanta kalmomin kore ƙazanta, ya taɓa gishirin da ita ya sa masa albarka, ya zuba gishirin a ruwan. Sai ya zagaya wurin yadda hannun agogo yake tafiya, wuƙar tana nuna ƙasa, yana raya cewa wani haske yana fita daga bakinta yana shata iyaka. Ya sake zagayawa yana yayyafa ruwan gishiri, ya sake zagayawa da turare. Sannan ya tsaya a kowace kusurwa ya zana tauraro mai tsini biyar a iska, ya kira mai tsaron wajen: gabas ta iska ce, kudu ta wuta, yamma ta ruwa, arewa ta ƙasa. Daga wannan lokaci ba a ƙetare layin haka kawai, duk wanda fita ta kama shi sai an yanka masa ƙofa da wuƙar, an kuma rufe bayansa. In an gama sai a sallami masu tsaron a buɗe da'irar.

Kusan kowane yanki na wannan yana da inda aka aro shi. Da'irar da wuƙar mai baƙar ƙota sun fito daga wani tsohon littafin tsafi na Turai da aka jingina wa Annabi Sulaiman, wanda wani jagoran Golden Dawn mai suna Mathers ya fassara zuwa Ingilishi a 1889. Zana tauraro a kusurwa huɗu daga Golden Dawn ɗin yake. Tsarkake gishiri da ruwa a haɗa su kuwa ya yi kama ƙwarai da yadda limaman Katolika suka daɗe suna haɗa ruwa mai tsarki. Abin da ya sauya shi ne aikin da'irar. A tsofaffin littattafai ganuwa ce, matsafi yana ciki, aljanin da ya kira yana waje, kuma in ya kuskura ya tsallake ya shiga uku. A Wika ta zama tukunya kuma, wadda take riƙe kuzarin da aka tara kada ya zube kafin a tura shi inda ake so. Akwai ma wani abin lura da ke nuna cewa tsarin na wani wuri ne takamaimai: an ba kudu wuta ne domin a Ingila ta kudu rana take bi, shi ya sa da yawa daga mabiyan da ke Ostareliya suka mayar da wutar arewa, suka kuma juya zagayen.

Ga wanda ba ya cikin da'ira, wato yana mota ko ofis, ana koya masa ya raya cewa yana cikin wani ƙwai na haske wanda sharri ba ya ratsawa. Wannan salo yana da alaƙa da rubuce-rubucen Dion Fortune, wadda ta fitar da littafi sukutum a 1930 kan kare kai daga harin ɓoye. Abin da masu ambatonta sukan manta shi ne ta taɓa aiki a wani asibitin kula da tunani a Landan, kuma ta ja kunne cewa kafin mutum ya ce an yi masa jifa, a fara duba ko ciwon jiki ne ko na ƙwaƙwalwa yake damunsa.

Akwai kuma kariyar gida, kuma a nan ne tarihin ya yi wani juyi mai ban dariya. A 2004 ma'aikatan gini a Greenwich, a kudu maso gabashin Landan, suka tono wata kwalbar yumɓu ta ƙarni na 17 da toshiyarta ba ta buɗe ba. Da masana suka bincika, sai suka samu fitsarin mutum a ciki, da ƙusoshin ƙarfe 12, da fil na tagulla 8, da gashi, da yankakkun farata, da alamar farar wuta, da wani ɗan guntun fata mai siffar zuciya da aka soke da ƙusa. Fitsarin ma ya nuna cewa mai shi yana shan taba. Irin wannan kwalba ba mayu ne suke haɗa ta ba, waɗanda suke jin an kama su ne. Mara lafiya yakan je wurin bokan ƙauye, a ce masa ya cika kwalba da fitsarinsa da ƙusoshi ya binne ta ƙarƙashin murhu ko dokin ƙofa, da nufin mayen da ya kama shi ya kasa fitsari, azaba ta ishe shi har ya sake shi, wato ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Yau littattafan sabon shiga suna koyar da haɗa wannan kwalba ɗin a matsayin kayan mai tsafi, wasu suna sa ruwan tsami a madadin fitsari. Haka nan kofaton doki a saman ƙofa da dutse mai huda a tsakiya, duk kayan korar mayu ne a da. Mutanen da suka ɗauki sunan maye sun gaji makaman waɗanda suke tsoron maye.

Wannan sashe na kariya shi ne nake ganin yake da illar da ba a cika faɗa ba. Wanda aka koya wa ya yi garkuwa kowace safiya, an koya masa a fakaice cewa akwai mai harbinsa. Tanya Luhrmann, masaniyar halayyar al'umma da ta zauna cikin masu tsafin Landan ta buga sakamakon bincikenta a 1989, ta bayyana yadda mutum mai ilimi yake shiga don gwaji, sannu a hankali fassararsa ta abubuwan da ke faruwa da shi ta sauya ba tare da ya lura ba, har abin da a da zai kira dace ya koma alama a wurinsa. Idan wannan sauyin ya karkata wajen tsoro, sai ciwon kai ya zama jifa, rashin ciniki ya zama hannun maƙwabciya. Mu ba baƙi ba ne ga inda wannan hanya take kaiwa, domin a arewacin Ghana akwai matsugunai irin na Gambaga da tsofaffin mata suke fakewa bayan an kore su daga garuruwansu da zargin maita, kuma a Najeriya ma ana jin labarin wanda aka daka ko aka kashe a kan zargi irin wannan. Malaman Wika masu hankali sun san haka, shi ya sa sukan gaya wa ɗalibi cewa harin ɓoye abu ne mai wuyar aukuwa, kuma ya fara zargin gajiyarsa kafin ya zargi wani.

Warkarwa ita ce ta uku, kuma siffarta mafi sauƙi ita ce a kunna kyandir, yawanci shuɗi ko kore, a rubuta sunan mara lafiya a jikinsa, a zauna ana raya shi cikin ƙoshin lafiya har kyandir ɗin ya cinye. A cikin rukuni kuwa, wanda bisa al'ada ba ya wuce mutum 13, ana riƙe hannu a zagaya ana maimaita sunan har murya ta kai ƙololuwa, sannan a saki gaba ɗaya. Suna da ƙa'idar cewa ba a yi wa mutum aiki sai da izininsa, ko da na alheri ne. Wannan ya samo asali daga takensu da aka fara ji a bainar jama'a daga bakin Valiente a 1964, wanda ma'anarsa ita ce mutum ya yi abin da ya ga dama muddin bai cutar da kowa ba, da kuma imanin da yawansu cewa duk abin da mutum ya aika zai dawo masa ninki uku. Babu wata hujjar kimiyya da ta nuna kyandir yana taɓa ƙwayar cuta. Duwatsu masu ƙyalli da ake ɗorawa a jiki kuwa an gwada su: Christopher French na kwalejin Goldsmiths da ke Landan ya ba mutum 80 duwatsu su riƙe, wasu na gaske wasu na jabu, kuma a sakamakon da aka gabatar a 2001 masu riƙe da na jabun sun ji ɗumi da wani ɗan motsi a hannu daidai da sauran. Abin da ya yi tasiri shi ne abin da aka gaya musu za su ji. Ba na raina amfanin da mara lafiya yake samu idan ya san mutum goma sha biyu sun taru dominsa, amma wannan amfanin na zumunci ne, kuma ba ya maye gurbin asibiti.

Inda lamarin ya daina zama na tunani shi ne ganyaye, domin su aikinsu na gaske ne, kuma haɗarinsu ma haka. Maganin zuciya na dijitalis daga wani fure aka samo shi, bayan da likita William Withering ya bi sawun wani haɗin gargajiya na kumburin jiki ya buga bincikensa a 1785, kuma furen nan ɗin yana kisa idan an zarce awo kaɗan. Ganyen da suke kira da sunan Waliyyi Yohanna, wanda ake sha don ciwon damuwa kuma ake ratayewa don kariya, yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, da maganin tsinka jini, da wasu magungunan cutar ƙanjamau. Beladona da danginta, waɗanda sunansu ya cika tsofaffin labaran mayu, 'yan gida ɗaya ne da zaƙami da muka sani, kuma wanda ya taɓa ganin yadda zaƙami yake haukata yaro ba ya bukatar ƙarin bayani. Sabon shiga da ya karanta jerin ganyaye a shafin intanet, inda aka jera mai guba kusa da na'a-na'a ba tare da gargaɗi ba, ya fi zama cikin haɗari daga kofin shayinsa fiye da duk wani abokin gaba na ɓoye.

A tsarin farko akwai abin da yake rage wannan haɗari, wato na gaba. Mai son shiga yakan yi shekara guda da kwana ɗaya yana koyo kafin a karɓe shi, yana kwafe littafin rukuni da hannunsa, kuma a al'adar mabiya Gardner ba a karɓar kuɗi don koyarwa ko shigarwa. Wannan ya fara sauyawa sosai bayan 1988, lokacin da Scott Cunningham ya fitar da littafin da ya ce mutum zai iya keɓe kansa ga addinin shi kaɗai ba tare da kowa ya shigar da shi ba. Daga nan adadin masu yi su kaɗai ya rinjayi na 'yan rukuni, sannan intanet ta zo, sannan TikTok, inda ake koyar da shata da'ira cikin bidiyon da bai kai minti ɗaya ba. Kasuwa kuma ta biyo baya. Ganyen da ya fi tashe wajen yi wa ɗaki hayaƙi wani farin ganye ne mai ƙamshi da ke tsirowa a kudancin Kalifoniya da arewa maso yammacin Meziko, wanda 'yan asalin Amurka suke amfani da shi a ibadarsu tun kafin zuwan Turawa, kuma sun daɗe suna kukan cewa ana tsige shi a daji ba bisa ƙa'ida ba don a sayar wa waɗanda ba su san darajarsa ba. A 2018 wani kamfanin turare mai suna Pinrose ya shirya sayar da akwatin sabon shiga a shagunan kayan kwalliya na Sephora a kan dala 42, ɗauke da turaruka, da katunan duba, da ɗan dutse ruwan hoda, da ƙunshin wannan farin ganye. Masu tsafin suka ce an mayar da addininsu kayan ado, 'yan asalin ƙasar suka ce ganyen ma tun farko ba na masu tsafin ba ne, kuma kafin akwatin ya kai kan kanta kamfanin ya ba da haƙuri ya janye shi.